Launin fatar sojan dalma

Sojan da tsawonsa bai wuce milimita 28 ba, fuskarsa ba ta kai ƙwayar wake ba. Amma a kan wannan ɗan fili ne mai fenti yake yanke hukuncin ko wane ne mutumin da ke tsaye bisa teburinsa. Na daɗe ina shafa wa irin waɗannan ƴan mutum-mutumi launi, kuma babu abin da ke cin lokacina kamar fuska da hannuwa.

Wasan na Turai ne. A 1824 wani hafsan Furusiya mai suna von Reisswitz ya gabatar wa rundunar ƙasarsa wasan yaƙi bisa taswira domin horar da hafsoshi. A 1893 kamfanin William Britain na Landan ya fara zuba sojojin dalma masu kogo a ciki, suka yi araha. A 1913 marubuci H. G. Wells ya wallafa Little Wars, littafin dokokin yaƙi da sojojin wasa a daɓen ɗaki. Daga baya Games Workshop ya fito da Warhammer a 1983. A yau da yawansu na roba ne, ana sayar da su ba launi, mai saye ne zai tufatar da su da buroshi.

Shekaru da dama, kwalbar da aka rubuta wa «launin fata» a akwatin fenti abu ɗaya take nufi: fari mai ratsin ja, fatar mutumin arewacin Turai. Sauran ƴan Adam sai a nemo su a kwalbar launin ƙasa, wadda ake shafa wa takalmi da gindin bindiga. Kamfanin Crayola na Amurka, mai yin alƙaluman launi na yara, ya cire wa nasa launin wannan suna tun 1962, amma a fentin ƴan sojoji sunan ya daɗe bayan haka. Bahaushe kuwa bai taɓa ɗaukar fata abu guda ba. Muna da baƙi, da fari, da ja, da wankan tarwaɗa, kuma a gida ɗaya ana samun su duka.

Aikin yana da matakai uku: shimfiɗa, inuwa, haske. Ana fara da launi guda a kan fatar duka, a zuba mai duhu a ramukan idanu da ƙarƙashin haɓa da tsakanin yatsu, sannan a ɗora mai haske a goshi da karan hanci da kumatu. Ga farar fata hanyar a buɗe take, littattafan koyarwa sun cika da ita. Ga baƙar fata kuwa, wanda ya zuba baƙin fenti tsantsa ya shafe fuskar, ba a ganin ido balle baki. Wanda kuma ya haɗa fari don ya haskaka, sai sojan ya fito furu-furu kamar yaron da hunturu ya kama ba man shafawa. Ni nakan shimfiɗa launin ƙasa mai ja-ja, in yi inuwa da ɗigon shuɗi ko shunayya, in haskaka da ruwan goro da ɗan rawaya, kuma a wuri ƙanƙane, domin baƙar fata sheƙi take yi a rana. Tafin hannu ya fi bayansa haske. Wanda bai taɓa duba hannun baƙin mutum ba yakan manta da wannan.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne sojojin da Faransa ta kira tirailleurs sénégalais. Faidherbe ya kafa rundunar a 1857, kuma duk da sunanta, an ɗebo mutanenta daga sassa da yawa na Afirka ta Yamma, har da ƙasarmu. Su ne suka bi Voulet da Chanoine zuwa Lugu a 1899, inda Sarauniya ta yi musu tirjiya. Su ne kuma suka mutu a ramukan yaƙin 1914 zuwa 1918. Wasunsu aka harbe a Caroy kusa da Dakar ranar 1 ga Disamba 1944, suna neman haƙƙinsu. Tallan Banania ya mayar da su fuska ɗaya mai jar hula da dariya. Idan na jera ashirin a gabana, ba na yarda in yi musu gauraye ɗaya. Wannan Babarbare ne, wancan Bazabarme, na ukun Bahaushen Gobir, kowa da fatarsa. Aikin yakan ninka, amma haka suka tsaya a sahu.

Malamai ba sa bukatar sayen sojan roba daga Ingila don su gwada wannan. Yaranmu sun iya gina doki da saniya da laka. A ba su ja da rawaya da shuɗi da ɗan baƙi, a ce kowa ya haɗa launin bayan hannunsa, ya ɗiga a takarda ɗaya da ta abokansa, sannan a ƙirga launukan da suka fito.