Yadda John Newton Ya Sauke Kayan Kunya

Hausawa sun ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wanda ya aikata mugun abu ya ɓoye, ko ganye ne ya motsa sai gabansa ya faɗi. Kaya biyu ke kansa. Na fari shi ne laifi, watau sanin da zuciyarsa ta yi ya cuci wani. Na biyu kuwa kunya, watau tsoron kada mutane su ji. Wannan dabam ta ke da kunyar da yaro ke ji gaban manya, wadda ado ce ga mutum. Ita wannan ɗaure baki ta ke yi. To, ga labarin wani Bature da ya ɗauki kayan nan biyu, da yadda addininsa na Kirista ya sauke masa su.

An haifi John Newton a birnin Landan cikin shekara ta 1725. Uwarsa mai ibada ce, amma ta rasu tun bai cika shekara 7 ba. Da ya kai shekara 11 sai ya bi ubansa aikin jirgin ruwa, ya tashi gagararre, mai saɓo da baƙar magana. Cikin 1744 aka sa shi aikin jirgin yaƙi tilas, ya gudu, aka kamo shi aka yi masa bulala gaban jama'a. Daga baya ya faɗa hannun wani mai fataucin bayi a wani tsibiri na gaɓar Saliyo. Can ciwo ya kama shi, ga yunwa, ga wulakanci, har bayin gidan ne su kan ji tausayinsa su ba shi abinci a ɓoye.

Wani jirgi ya ɗauko shi za shi gida. Cikin watan Maris na 1748 hadari mai tsanani ya same su a tsakiyar teku, jirgi ya tsage, ruwa na ta shiga. Wani mutum ya hau sama a gabansa, igiyar ruwa ta share shi nan take. Newton ya yi ta kwarfar ruwa, sa'an nan ya kama akalar jirgi, rai a hannun Allah. A nan ne bakinsa ya suɓuce ya roƙi jinƙan Ubangiji, abin da ya yi shekaru bai yi ba. Nan da nan zuciyarsa ta tambaye shi, ina shi ina jinƙai, shi da ya saba yi wa addini ba'a? Bayan kamar mako 4 suka sami gaɓar Ailan da ƙyar.

Cikin kwanakin nan ya riƙa karanta Linjila. Ya tarar da misalin ɗan da ya ɓarnatar da gādonsa, ya komo gida tsiya-tsiya, uban ya tarye shi da murna tun bai gama ba da haƙuri ba. Newton ya ga kansa cikin wannan yaro. Abin da Kiristoci suka gaskata shi ne, mutum ba ya iya biyan bashin zunubinsa da aikin hannunsa, amma Yesu Almasihu ya ɗauki bashin nan sa'ad da ya mutu a kan gicciye. Saboda haka, in ji su, gafara kyauta ce, wanda ya tuba ya ba da gaskiya ya samu. Wannan kyauta ita su ke kira alheri.

Amma fa kada mai karatu ya zaci nan da nan idonsa ya buɗe. Bayan hadarin nan ya koma fataucin bayi, har ya zama shugaban jirgi, ya yi tafiya 3 tsakanin 1750 da 1754, yana kwasar mutane daga Afirka ta Yamma zuwa ƙetaren teku. Ya bar saɓo, yana addu'a a ɗakinsa, ga 'yan Adam a ƙarƙashinsa ɗaure da mari. Dokar ƙasarsa ta halatta cinikin, shi kuwa bai ga aibinsa ba. Ciwo ne ya raba shi da teku cikin 1754. Shi da kansa ya faɗa daga baya, a lokacin nan bangaskiyarsa ba ta nuna ba tukuna.

Cikin 1764 aka naɗa shi limamin majami'a a wani ƙaramin gari wai shi Olney. Can ya rubuta waƙoƙin ibada fiye da 200, cikinsu har da wadda a ke kira Amazing Grace, watau alheri mai ban mamaki. Cikin 1780 aka mai da shi wata majami'a a Landan, mutane na ta zuwa neman shawararsa. A 1785 wani saurayi ɗan majalisa, William Wilberforce, ya zo masa yana tunanin barin majalisa don ibada. Newton ya ce masa ya zauna, ya bauta wa Allah a inda ya ke. Wilberforce ɗin nan shi ne ya ja gaba wajen yaƙi da cinikin bayi a majalisar Ingila.

Cikin 1788, shekara 34 da barinsa teku, Newton ya buga wani ɗan littafi a kan cinikin bayi. Ya bayyana yadda a ke cusa mutane cikin jirgi ba wurin juyawa, da yadda zafi da ciwo ke kashe su, da yadda a ke cin mutuncin mata. Ya ce da hannunsa a ciki, ya kuma ce furcin nan nasa ya makara, ba zai gyara ɓarnar da ya yi ba. Aka aika wa 'yan majalisa da littafin, shi kuma ya tsaya gaban masu bincike ya ba da shaida.

Me ya ba tsoho mai daraja ƙarfin halin tona asirin kansa? Ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tun da ya ke ya gaskata Allah ya san kome nasa, ya kuwa gafarta masa, ba sauran abin da zai ɓoye wa mutane. Bai manta ba, kuma baƙin cikin abin bai rabu da shi ba har ya mutu. Mutanen da ya kwasa kuwa ba su komo gida ba, wannan hasara ba ta gyaruwa. Abin da ya rabu da shi shi ne tsoron a sani, shi ya sa bakinsa ya kwance, ya yi amfani ga waɗanda ba a kama ba tukuna.

Cikin watan Maris na 1807 aka kafa dokar hana 'yan Ingila cinikin bayi. Newton yana da rai ya ji labari, ya tsufa, ya kusa makancewa. Ya rasu ran 21 ga watan Disamba na shekarar nan, yana da shekara 82. Ya riga ya rubuta abin da za a zana don tunawa da shi, ya kuwa sa a ciki dā shi marar bangaskiya ne, baran bayi a Afirka, wanda jinƙan Almasihu ya tsare, ya gafarta masa.