Daga Mile 12 zuwa Kwangila

Muna cikin sauke buhunan albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas, da la'asar sakaliya, ƙanena ya kira ni daga Zariya ya ce Allah ya yi wa Inna rasuwa, za a yi mata sutura kafin magariba. Ban ce a jira ni ba. Ba a ajiye gawa don mai tafiyar kusan kilomita 1,000, na kuma san haka tun ina yaro. Sai dai sanin bai hana ƙirjina ƙuna ba. Ni ne babba, ni ta sa wa albarka na taho ci-rani don in riƙe gidan, ga shi wasu ne za su kai ta makwancinta.

Kuɗin da ke aljihuna bai kai na mota ba. A tasha na tsaya gaban ɗan kamasho na soma yi masa bayani, magana ta sarƙe. Ya dube ni, ya ce, "Rasuwa aka yi?" Na gyaɗa kai. Ya karɓi abin da ke hannuna bai ƙirga ba, ya cika saura daga nasa, ya nuna mini kujera kusa da taga. Ko sunansa ban tambaya ba, har yau abin yana damuna.

Mun bar Legas bayan isha'i. Ibadan, Akure, Owo, duk a duhu muka ratsa su, ban ga komai ba sai fitilun tireloli. Kusa da ni wata dattijuwa ce Bayarbiya, da ƙaramin Baibul a cinyarta. Ta lura duk inda aka tsaya ba na sauka, ba na sayen ko ruwan leda. Can cikin dare ta taɓa hannuna, ta yi mini Hausa tsaf, irin ta wadda ta daɗe a Sabon Gari: "Ɗana, wa ya rasu?"

Na ce, "Mahaifiyata, Mama."

Ba ta yi mini wa'azi ba, ba ta kuma ce in daina kuka ba, wanda shi ne abin da kowa yake fara faɗa wa namiji. Cewa ta yi, "Ba ni labarinta." Sai na tsinci kaina ina gaya mata yadda Inna ta yi shekaru tana sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida a Tudun Wada, yadda take ware na almajirai tun kafin ta sayar wa kowa, yadda take ɓoye ciwonta in na kira don kada in bar aiki in taho. Matar tana saurare, tana cewa "Allah sarki." Da na yi shiru ta kwance ƙullin burodi ta ce ba za ta ci ba sai na ci. Na ci.

Asuba ta same mu a Lokoja, garin da kogin Kwara ya haɗu da Binuwai, inda motocin Kudu da Arewa ke yada zango. Bayan salla na zauna a teburin wani mai shayi, mutumin Damagaram. Ashe Mama ta riga ta gaya wa direba, direba ya gaya wa sauran fasinja. Mutanen da muka kwana mota ɗaya ba mu ce wa juna uffan ba suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya: "Ya haƙuri? Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta." Wani malami ya ɗaga hannu aka yi mata addu'a nan bakin titi, har da masu tallar soyayyen kifi. Na miƙa wa mai shayi kuɗi, ya ture hannuna ya ce, "Haba ɗan'uwa, ladan ya kai mata." Wannan ita ce sadakar farko da aka yi wa Inna a gabana, kuma daga wanda bai taɓa ganinta ba.

Daga nan muka haye gadar Jamata, sai Abaji, Gwagwalada, Zuba. A Zuba Mama ta sauka, ta ce in gaida ƙannena. Kaduna da Jaji ban san an wuce su ba, barci ya ɗauke ni. A Kwangila ta Zariya na sauka ana kiran la'asar.

A wurin zaman makoki na tambayi ƙanena su wa suka haƙa kabarin, in je in sallame su. Ya ce wasu samari ne da ke zuwa maƙabarta don Allah, da ya miƙa musu kuɗi sun ƙi karɓa. A hanya na ƙudura cewa ba zan koma Legas ba, tunda wadda nake nema dominta ta tafi. Amma da na tsaya a kan kabarin na ga yadda aka gyara shi, aka jera itace, aka lulluɓe da ƙaya, sai na tuna 'yan'uwanmu 'yan ci-rani da ke rasuwa a Kudu, iyayensu suna Sakkwato ko Maraɗi suna cikin irin ƙunan da na kwana da shi, suna tunanin hannun wa ɗansu ya faɗa.

Bayan sadakar bakwai na koma. Na je wurin limamin masallacinmu na kasuwa na ce, "Allah gafarta Malam, duk ranar da aka yi rasuwar baƙo, a neme ni." Ya koya mini wankan gawa da ɗaura likkafani. Na farko da muka yi wa sutura wani yaro ne ɗan dako, mutumin Tawa. Da muka dawo daga maƙabarta na nemi lambar mahaifinsa, na kira shi, na gaya masa yawan mutanen da suka sallaci ɗansa da inda muka kwantar da shi.