Gaskit Ɗin Tsohuwar Peugeot

Jama'ar wannan kwaleji, malamai da ɗalibai har da masu gadin ƙofa, babu wanda bai san farar motar nan tawa ba, gama ƙararta ta kan riga ta isowa. Tun da aka dawo hutu mutane ke tare ni suna tambaya, wai da gaske ne ni da hannuna na buɗe injinta a bayan gida? Da gaske ne. Bari in ba ku labarin gaba ɗaya in huta, ko wani mai tsohuwar mota da ƙaramin albashi irina ya sami abin ɗauka.

Motar dai Peugeot 504 ce, wadda mu ke kira Fijo. A 1968 aka fara ƙera irinta a Faransa, a 1975 kuma aka soma haɗa ta a Kaduna, aka yi ta haɗawa har bayan shekarar 2000. Yanzu an daina. Ni ne na uku da ya mallaki tawa, agogon tafiyarta kuwa ya cika ya koma sifiri ba sau ɗaya ba. Da ita na ke zaga makarantun ƙauye in duba ɗalibanmu lokacin koyarwar gwaji, da ita kuma na ke kai iyali gida Arewa, mu bi ta Ilori, mu ƙetare Kwara a Jebba, mu wuce Mokwa. In ta kwanta, duk waɗannan sun kwanta.

Ciwon ya fara ne a hankali. Kowace safiya sai in tarar ruwan lagireto ya ragu, in duƙa in duba ƙasa, babu ko ɗigo. Sai inji ya soma ɗingishi in an tashe shi da sanyin safiya, salansa tana fid da farin hayaƙi mai kama da tururin tukunya. Ran nan na buɗe murfin lagireto tun inji bai yi zafi ba, na tashe shi, sai ga kumfa tana tasowa ɗaya bayan ɗaya. Na zaro sandar awon baƙin mai, na ga man ya koma kamar shayi da madara. Da na kwance fulogi huɗun nan, uku sun yi baƙi-baƙi yadda aka saba, ɗaya kuwa fes, kamar an wanke shi. Ruwa ne ya wanke shi, a wurin da bai kamata ruwa ya kai ba.

Ga waɗanda ba su taɓa leƙa cikin inji ba, ga yadda abin ya ke. Inji kashi biyu ne manya. Akwai gangar jiki, watau bulok, inda fistin ke hawa da sauka, akwai kuma kai, wanda makanikai ke kira tof silinda, inda bawul da fulogi su ke. A tsakaninsu abu uku ke wucewa, kowanne da hanyarsa: wutar fetur, da ruwan sanyaya inji, da baƙin mai. Abin da ya raba ukun nan shi ne gaskit, wani ɗan faifai mai huji-huji wanda kaurinsa bai fi na kwali ba. In ya ƙone, wuta ta shiga ruwa, ruwa ya shiga mai, man kuwa in ya sha ruwa ba ya iya tsare ƙarfe daga cin ƙarfe. Wanda ya ci gaba da tuƙi a haka, inji sukutum zai saya.

Na kai ta gareji biyu a cikin gari. Na farko ya ce in sayar, na biyu ya ce a sauke injin a sa wani na hannu, ya faɗi kuɗin da ya haura albashina na wata biyu. Gaskit ɗin kansa kuwa, da na tambaya a kasuwa, bai kai kuɗin cika tanki ba. Sai na tafi Sabo wurin wani dattijo, tsohon bakanike wanda ya yi zamani da motocin nan, ido ya hana shi aiki yanzu. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malam, ai kai mai karatu ne. Nemi littafin motar ka bi shi layi-layi yadda ka ke sa yara su bi naka. Amma ka ji wannan: gaskit ba ya ƙonewa don kansa. Nemo abin da ya ƙone shi." Na ce, "To, Baba." Ya ara mini sifana mai awo, wadda ke nuna ƙarfin da aka ɗaure noti da shi, ya ce kada in taɓa kan inji ba tare da ita ba.

Wani abu da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne ginin injin 504 ɗin. Silinda huɗu gare shi, girmansa 1,971 cc, sandar da ke buɗe bawul kuma tana can cikin bulok, tana turo su da waɗansu siraran sanduna takwas. Saboda haka ana iya ɗage kai ba a taɓa sarƙar da ke daidaita lokacin inji ba. A yawancin motocin yanzu sandar tana bisa kai ne, dole a kwance bel ko sarƙa, in kuwa aka kuskure haƙori kaɗan wajen mayarwa, fistin na iya dukan bawul. Mai irin wannan mota ya yi tunani sau biyu kafin ya kwaikwaye ni.

Na fara ran Asabar da sassafe, inji ya kwana ya huce sarai, domin kan da aka kwance da zafi ya kan karkace. Maƙwabcina malamin sashen sana'a ya zo taya ni, da ɗana na fari mai riƙe fitila da miƙo sifana. Muka cire wayar batir, muka zubar da ruwa daga lagireto da kuma daga jikin bulok, muka sauke kafireto da tiyo-tiyo da bututun salansa. Wannan duk aikin haƙuri ne kawai, ba sai na daɗe a kansa ba. Abin da zan ce kurum, kowane noti ya shiga gwangwaninsa da takarda mai suna. Sandunan nan takwas kuwa na huda kwali na jera su daga ɗaya zuwa takwas, don kowace ta koma ramin da ta saba da shi shekara da shekaru.

To, ga inda Peugeot ta sha bamban, a nan ne kuma mutane da yawa ke ɓata aiki. Silindar wannan inji ba a jikin bulok aka huda ta ba. Bututu ne huɗu na ƙarfe, ana ce musu silib, an zura su cikin bulok, ruwa yana kewaye da su, kowanne yana zaune a kan wani siririn abin toshi a gindinsa. Babu abin da ya danne su sai kan inji. Da zarar an ɗage kai, in aka juya inji ko kaɗan, fistin zai ɗago silib daga mazauninsa, toshin gindi ya buɗe. Sai mutum ya sa sabon gaskit ya ɗaure tsaf, ruwa kuwa ya ci gaba da zuba cikin mai ta ƙasa, ya yi ta zagin mai shago wai ya sayar masa da jabu. Don haka muka sa mota a giya, muka ja burkin hannu, muka tokare tayoyi. Kusoshin kai guda goma muka sassauta su kaɗan-kaɗan, daga na baki-baki zuwa na tsakiya. Kan kuwa ba mu cira shi sama kai tsaye ba, sai da muka girgiza shi gefe da gefe har ya rabu da gaskit, don kada ya taso da silib manne a jikinsa. Yana sauka muka danne silib ɗin da manyan wasa da guntayen bututu, muka ɗaure da kusoshin nan.

Ga gaskit nan, ya ƙone a gefen silinda ɗaya, wuta ta yi hanya baƙa ƙirin zuwa ramin ruwa, faɗinta bai fi farce ba. Ɗana ya ce, "Baba, wannan ɗan wurin ne ya kwantar da mota?" Shi ne kuwa.

Kankare tsohon gaskit ya ci mini yini guda cur, kuma a ganina nan ne rabin aikin ya ke. Kan injin na alminiyom ne, ƙarfe mai taushi, wuƙa tana yi masa rauni, raunin kuma ya zama sabuwar hanyar ruwa. Da guntun roba mai kauri da kananzir na bi shi a hankali. Na kan jiƙa wurin kafin in kankare, gama gaskit na da da yawa da asbestos aka yi su, ƙurarsa kuwa mugun abu ce ga huhu. Ramukan kusoshi ma sai da na tsane su ɗaya-ɗaya da tsumma a bakin waya. In mai ko ruwa ya kwanta a ciki, kusa za ta yi tauri tun ba ta danne kai ba, sifana ta ce an kai, alhali da saura.

Sa'an nan awo. Maƙwabcina ya kawo miƙaƙƙen ƙarfe daga ɗakin aikinsu, muka ɗora a fuskar kai a tsaye da kwance da kusurwa zuwa kusurwa, muna gwada zura siraran ƙarafan awo a ƙarƙashi. Ido ba ya ganin karkatar, don iyakar da littafi ya yarda da ita ba ta wuce kaurin takardar rubutu ba. Namu ya wuce iyaka a tsakiya. Dalilin kuwa ɗalibanmu na kimiyya sun san shi: in zafi ya tashi, alminiyom ya kan buɗe kusan ninki biyu na baƙin ƙarfen da aka yi bulok da shi. Sai kai ya so miƙewa, kusoshi su hana shi, ya lanƙwashe, gaskit ya sami sarari. Wannan kam ba aikin bayan gida ba ne. Na ɗora kan a bayan babur na kai wa masu injin sassaƙar ƙarfe, na roƙe su su ɗebe kaɗan iyakar abin da zai daidaita shi, domin in aka ci da yawa ɗakin wuta ya kan ƙanƙance, inji ya riƙa ƙwanƙwasa.

Kwana biyun da na yi ina jiran kai, na bi maganar dattijon Sabo. Na sauke lagireto na kai wa mai gyaransa, ya narke dalma ya ɗage tankin sama. Kai, jama'a! Wajen rabin bututun sun toshe da tsatsa da farin dutse, tarin ruwan rijiya da na rafi da motar ta sha a hannun masu ita shekara da shekaru. Murfin lagireton ma ya saki. Mutane suna raina murfin nan, alhali shi ke matse ruwa ya hana shi tafasa a digiri 100 yadda ya ke yi a tukunya. Da na sa sabon gaskit a kan wannan lagireto, da bai kai mu Jebba ba. Mai gyaran ya ba ni shawara in cire tamostat in yar, yadda ake yi ko'ina a ƙasar nan, wai ƙasarmu da zafi. Ban yarda ba. Na jefa shi a ruwan zafi na ga yana buɗewa, na mayar da shi. Cire shi ba ya buɗe bututun da ya toshe, sai dai ya sa inji ya daɗe bai ɗumama ba, ya ƙara shan mai.

Wajen sayen gaskit na ƙi na araha, araha ba ta ado. Na tafi da tsohon, na ɗora shi a kan sabon a gaban mai shago, na ga kowane rami ya hau ɗan'uwansa. Na haɗa da na murfin bawul da na bututun salansa, tun da an riga an buɗe su, tsohon gaskit kuwa in ya kwanta sau ɗaya ba ya sake kwanciya. Mai shago ya miƙo mini gam, na ce a bar shi. Gaskit ɗin kai a bushe ake sa shi, fuska biyu masu tsabta su ne gam ɗinsa.

Ranar mayarwa muka cire abin da muka danne silib da shi, muka shimfiɗa gaskit ta fuskar da aka rubuta, muka sauke kai a hankali mu biyu. Ɗauri kuwa akasin kwancewa ne: daga tsakiya ake farawa a yi ta kewayawa zuwa baki, kamar mai shimfiɗa tabarma yana korar iska. Ba a kai kusa ƙarshenta a tashi ɗaya, sai a bi duka goma da sauƙi, a sake bi da ƙarfi, har sifana mai awo ta nuna abin da littafi ya ce. Na sha ganin yara a gareji suna zura bututu a sifana suna hawa da ƙafa, wai don ya ɗauru da kyau. Wannan ɗauri ne na wanda ba motarsa ba. Bayan haka muka daidaita tazarar bawul, 0.10 na milimita ga masu shigo da mai, 0.25 ga masu fid da hayaƙi, muka zubar da gurɓataccen mai, muka sa sabo da sabuwar matata, muka cika lagireto da ruwa mai tsabta haɗe da maganin tsatsa.

Da na murɗa makulli sai ta yi tari sau biyu ta kama. Muka tsaya mu uku muna kallon bakin lagireto, ba mai magana, har allurar zafi ta hau tsakiya ta tsaya. Kumfa ba ta fito ba.

Sauran abu guda, wanda dattijon ya ce yawancin mutane ba sa komowa su yi. Irin wannan gaskit ya kan ƙara kwanciya bayan ya sha zafi da sanyi, kusoshi su ɗan saki. Saboda haka bayan tafiyar kilomita 1,000 na bar inji ya kwana, na sake bin kusoshin nan goma ɗaya bayan ɗaya, na sake awon bawul, sa'an nan na mayar masa da sifanarsa da ɗan goro. Gaskit ɗin kaskon mai na ƙasa har yanzu yana ɗan tsatsafowa, shi na bar wa hutun ƙarshen shekara. Wanda ya ke son gani da ido ya zo da tsohuwar riga.