Yumɓun Kakata da Matar da ke Bayan Naira Ashirin

Idan akwai takardar naira 20 a ƙullin zanenki ko a gwangwanin canjin cefane, ɗauko ta ki juya bayanta. Za ki ga wata mata ta sunkuya a kan wata babbar tukunya tana gyara ta da hannu. Sunanta Ladi Kwali, kuma tun 2007 hotonta yake a wannan takarda. Sana'ar da ta kai ta can ita ce dai wadda ake yi a ƙauyukanmu, wadda idan aka ce wa 'yarki ta koya sai ta yatsina fuska, ke ma wataƙila ki taya ta.

Ni 'yar Wagini ce ta ƙasar Batsari, kuma kakata ta wajen uwa maginiyar tukwane ce. Bari in ba ki labarin yadda take aiki, domin na lura yawancinmu mun sha ruwan randa shekara da shekaru ba mu taɓa tambayar yadda aka yi ta ba.

Da rani ake yin aikin. Za a haƙo yumɓu, a shanya, a daka, a tsince tsakuwa da saiwoyi, sannan a jiƙa shi ya kwana. Yumɓu zalla ba ya ginuwa, da ya ji wuta zai tsage. Don haka sai ta daka tsingaro, wato fasassun tsofaffin tukwane, ta tankaɗe ta zuba a ciki, wani lokaci da ɗan ƙaiƙayi, ta yi ta cuɗawa da ƙafa har sai ya yi laushi kamar ƙullin alkaki. Kin ga ke nan a cikin kowace sabuwar tukunya akwai wadda ta riga ta. Daga nan sai ta kife wata tsohuwar tukunya, ta barbaɗa mata toka don kada ya manne, ta shimfiɗa yumɓun a gindinta tana bubbugawa har kaurinsa ya daidaita. In ya ɗan sha iska sai ta ɗaga, ta juyo shi, ta riƙa murza yumɓu kamar igiya tana ɗorawa a baki, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, har wuya ya fito. Ba ta da ma'auni, amma in ta gina tuluna goma kika jera su sai ki rantse tagwaye ne.

Wurin da na fi so shi ne ado. Totuwar masara ko guntun igiya take mirginawa a kafaɗar tulu, zane ya fito reras. Ta shafa jar ƙasa, ta ɗauko 'ya'yan kuka da aka shirya a zare kamar carbi ta yi ta gogawa har tulun ya riƙa ɗaukar ido. Ranar gashi kuwa ranar fargaba ce. A jera tukwanen a fili, a lulluɓe su da kara da ciyawa da busasshen kashin shanu, a sa wuta da yamma. Aikin wata guda yana cikin wannan wutar, kuma ba mai sanin nawa za su fita lafiya sai toka ta huce. Da safe za ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa da yatsa. Wadda ta yi ƙara tangaran ta tafi kasuwa, wadda ta yi shiru ta koma tsingaro.

To, ita ma Ladi Kwali haka ta faro. A garin Kwali na ƙasar Gwari aka haife ta wajen 1925, kuma a hannun wata 'yar'uwar iyayenta ta koyi gini tun tana yarinya. Tukwanenta sun yi kyan da Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, yake tara su a gidansa. A can wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su. Shi ne ya buɗe makarantar koyon ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, kuma a 1954 Ladi ta zama mace ta farko da ta shiga. An kai ta Ingila da Amurka tana gini a gaban jama'a, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984. Abin lura shi ne, duk da ta koyi juya faifan Turawa, manyan tukwanen da suka ɗaukaka ta da hannu take gina su, tana zagaya su kamar yadda aka koya mata a gida.

Sai dai ina da ɗan ƙorafi. Tukwanen da ta yi a makarantar an shafa musu ruwan gilashi an gasa su a wuta mai tsanani, suka yi ƙyalli, suka yi nauyi, kuma suka daina sanyaya ruwa. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda ƙananan ƙofofin jikinta da ido ba ya gani: ruwa yana tsattsafowa, iska ta busar da shi, zafin ya tafi tare da shi. In aka toshe ƙofofin an sami abin kallo, an rasa randa. Ni dai a watan azumi da zafin Afrilu, ba wuta ba ƙanƙara, na san wadda zan zaɓa.

Akwai wata kuma da ke raye, Magdalene Odundo, haifaffiyar Kenya mazauniyar Ingila. A 1974 ta zo wannan makaranta ta Abuja ta koyi gini a hannun Ladi Kwali da sauran matan wurin. Yau tukwanenta suna manyan gidajen tarihi na duniya, kuma a 2020 an sayar da guda ɗaya a kan sama da fam 200,000. Ranar da babbar 'yata ta nuna mini hotunansu a waya na daɗe ina kallo. Ba fenti a jikinsu. Da hannu take ginawa, ta shafa ruwan yumɓu mai laushi, ta goge da dutse har ya yi sheƙi. In ta gasa da iska ya fito ja, in ta sake gasawa ta toshe iskar hayaƙi ya mayar da shi baƙi. Wallahi ko ɗaya daga cikin dabarun nan ba baƙuwa ba ce a tsakar gidanmu. Abin da ta ƙara shi ne ta zauna ta yi tunanin siffa: wuyan wannan ya karkata kamar mace ta juyo, cikin waccan ya cika kamar na mai juna biyu.

Kakata ta rasu, kuma a cikin jikokinta mata fiye da ashirin ba wadda ta iya gina randa. Roba da bokitin fenti sun ci kasuwar tun da daɗewa. Sannan tun wajen 2019 da 'yan bindiga suka addabi yankin Batsari da Safana, mata suka ji tsoron fita bayan gari haƙar yumɓu da sarar kara, dangi da dama suka watse zuwa Katsina da wasu garuruwa. Ita kuwa wannan sana'a ba a littafi take ba. In hannu bai karɓa daga hannu ba, shi ke nan.

Wannan ne ya sa a bara na nemi wata dattijuwa 'yar garinmu da gudun hijira ya kawo unguwarmu, na roƙe ta ta riƙa zuwa gidana ranar Asabar. Muna biyanta, domin ilminta ne. Da kaskon turaren wuta muka fara, ni da 'ya'yana mata uku da na maƙwabta biyu, saboda ƙarami ne kuma ba ɗakin amaryar da ba ya buƙatarsa. Ita tana koya musu cuɗa da gini, su kuma suna kawo siffofin da suka gani a waya. Ladi takan zana kifi da ƙadangare da kunama a tukwanenta. Mu da yake muna kauce wa zanen mai rai, dagi muke yi da zanen lalle da irin na bangon soro, kuma sun ishe mu. Autata mai shekara tara ta huda wa murfin kaskonta ƙofofi a jere kamar taurari, in an sa garwashi da dare hasken ya watsu a bango. Mahaifinta da ya fara cewa muna ɓata masa tsakar gida, yanzu shi ke kawo mana buhun ƙaiƙayi.

In kina son gwadawa, ba sai kin sayi komai ba. Ki tambayi masu sayar da tukwane a kasuwarku inda suke saro su, za su haɗa ki da maginiya. Ki bar abin da yara suka gina ya bushe a inuwa kamar mako guda kafin ya ga rana, kada a gasa shi da sauran danshi, kuma ranar gashi ki tsaya da kanki a kan wutar. Waɗanda suka fashe a adana su, za a daka a zuba a yumɓun mako mai zuwa.