Bas ce a Takarda

Ranar Talata idan kasuwar Mafara ta ci, ka leƙa cikin motocin da suka jeru a gefen hanyar Gusau zuwa Sakkwato. Da yawa daga cikin tsofaffin J5 da Hiace ɗin nan ba su da sauran kujera sai ta gaba. Mai walda ya cire na baya tuntuni, ya shimfiɗa ƙarfe a ƙasa, bakanike ya ƙara wa motar sifirin don ta iya da buhunan shinkafa da albasar Bakolori. A bayan kujerar direba kuwa za ka ga katifa a naɗe, da buta, da sallaya, da igiyar shanya, wani ma har da 'yar tukunyar gas ta dafa shayi. Tun da 'yan bindiga suka sa tafiyar dare ta zama kasada a hanyoyin Maradun da Bakura, direba da yaron motarsa inda magariba ta riske su nan suke kwana. Motar ta zama ɗaki.

Sai dai takardunta ba su san da wannan ba. Lasin ɗin da hukumar tara haraji ta jiha ta bayar bas ya rubuta. Takardar lafiyar mota ta 'yan VIO ma haka, inshora ma haka. Lambarta mai jan rubutu ce, ta haya, wadda tsarinta ke hannun Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, hukumar da aka kafa a 1988. Jami'in da ya tsayar da ita zai nemi takardu, ya duba taya da fitila da abin kashe gobara, ya ce a sauka lafiya.

A Ingila lamarin ba haka yake ba. Wanda ya mayar da bas gidan kwana, in yana so a sauya mata suna a rajista, sai ya aika wa hukumar DVLA hotuna su ga gado, da tebur, da wurin girki, da ma'ajiyar kaya, kowanne a ɗaure da jikin mota. A 2019 ma suka ƙara tsanani, suka ce ko daga waje dole a gane cewa motar kwana ce. Su don yawon hutu suke wannan ɗawainiya, namu kuwa neman abinci ne ya kwantar da su a mota.

Ba sabon haraji nake nema wa direbobi ba, wanda ke kansu ya ishe su. Amma sharaɗin nan na ɗaure kaya da jikin mota abin dubawa ne. Tukunyar gas tana gangare a bayan mota duk lokacin da aka faɗa rami, kusa da ita jarkar fetur ce da aka saya don gudun tsayawa a daji. Tagogin baya kuma an liƙe su da langalanga saboda ɓarayin kaya, ga mutum biyu suna barci ciki a zafin Afrilu. Sifirin an ƙara, amma birki na nan yadda kamfani ya ƙera shi, da lissafin nauyin fasinja, alhali yanzu lodin buhuna yake tsayarwa. A halin da ake ciki, mai walda ne kaɗai ke yanke hukuncin ko aikin ya yi, shi kuma da ido yake awo, kuma direban ne ke biyan sa.