Burodin Dabino A Cikin Garar 'Yata

'Yan uwana mata, duk uwar da ta taɓa aurar da 'ya ta san ranar kai gara ta fi ranar ɗaurin aure hana barci. Ranar ce dangin miji ke buɗe kwanuka ɗaya bayan ɗaya, suna auna gidanku da ido.

Lokacin bikin 'yata ta fari a nan Darki, abin hannunmu ya yi ƙasa. Maigida fataucin tumatir yake yi, a shekarar kuwa kasuwa ta kayar da shi. Na yi lissafin alkaki, nakiya da dubulan, sai na ga man suya kaɗai zai cinye adashena. Yayata ta ce, "Ki ci bashi mana, ki fita kunya." Na ce, "Haba Yaya! Kunyar da aka kora da bashi ai gobe da sammaci take dawowa."

Nan na tuna da burodin Inna. A 1987, da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama, burodi ya gagari talaka. Sai Inna ta riƙa sayen alkamar Kadawa, a niƙo mata, ta gasa mana nata da dabino. A gefen murhunta na koya, ga kuma yadda nake yi.

Ki sami fulawa gwangwanin madara 8, sukari gwangwani 1, yis cokalin shayi 3, ƙwai 2, man shanu da ɗan gishiri. Ki cire ƙwallon dabino, ki yayyanka, ki jiƙa shi tare da zabibi, don busasshe yakan tsotse ruwan ƙullu. Ki daka citta, kirfa da kanumfari, amma kaɗan fa, domin in sun yi yawa ƙullu ba ya tashi da kyau. Ki kwaɓa da ruwa mai ɗumi, tafasasshe kashe yis yake yi. Ki murza har ya daina kama hannu, sannan ki zuba dabinon, ki rufe sai ya ninka. In hunturu ne, ajiye shi kusa da murhu. Ki rarraba a gwangwanayen da kika shafa wa mai, ki bari ya sake tashi.

Kada ki ce ba ki da abin gashi na zamani. Babbar tukunya da yashi a ƙasanta ta isa, ki ɗora garwashi a kan murfi. Wutar ƙasa kaɗan, don zaƙin dabino saurin ƙonewa gare shi. Bayan kamar minti 40 ki soka tsinke, in ya fito fes, ya gasu.

Kwana 2 muka yi muna gashi da ƙannena. Muka jera shi tare da ɗan alkakin da ƙarfinmu ya kai, aka kai gara. Wallahi daren nan ban runtsa ba. Washegari sai ga 'yar aike daga uwar ango, wai tana gaisuwa, kuma ko akwai ragowar burodin nan mai ƙanshi, Alhaji ya hana kowa taɓa nasa!

Yanzu duk mai suna ko biki a unguwarmu sai ta aiko in gasa mata. 'Yar uwa, ki yi gara daidai ƙarfinki, da hannunki. Allah ya zaunar da 'ya'yanmu lafiya a ɗakunansu, amin.