Rafali Ma Babba Ne



Ɗalibin da ke rusunawa yana "Allah gafarta Malam" a Islamiyya, shi ne za ka jiyo bayan La'asar a filin ƙwallon Bagudo yana daka tsawa: "Kai rafali, makaho ne kai?" Alhali mai usur ɗin sa'an mahaifinsa ne, wataƙila ma shi ya koya masa karatu a firamare. Sai ka ce ladabi riga ce da ake tuɓewa a bakin fili.

Sassauta murya yana cikin wasiyyar Luƙman ga ɗansa, aya ta 19, kuma aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana jifan juna da miyagun laƙabai. Babu inda aka togace ranar wasa.

Ban hana ku ƙorafi ba, domin alƙalin wasa ɗan Adam ne, yana kuskure. Amma kyaftin kaɗai ya matsa, ya ce "Malam" ko "Yallaɓai," ya nemi bayani, sauran su ja baya. Turawan da kuke kwaikwayo ma nan suka dawo: a gasar cin kofin Turai ta 2024 a Jamus, kyaftin aka yarje wa tunkarar rafali, wanda ya yi shisshigi kuwa katin gargaɗi ke jiransa.

Idan wasa ya kai ku Segbana ta Jamhuriyar Benin, ta hanyar Tsamiya, ku ce da alƙalin "Mushe." Kada dariya ta kama ku, Faransanci ne, ba mushen dabba ake nufi ba. Dattijon da ke bakin fili kuwa, ko Dandanci yake ji ko Fulatanci, ku rusuna ku ce masa "Baba."